Sikeli da Jinin Mai Walda

Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin gwajin jini na asibitin, kuma a cikin shekarun nan da wuya a samu mutum uku da za su rantse sun taɓa ganin haƙoranta. A gabanta ma'aikata "Malama" suke cewa. Da ta juya baya sai su koma "Sikeli", saboda ba abin da ke giftawa ta gabanta ba ta auna shi ba, har gaisuwa. Ta san da sunan sarai, kuma da alama daɗinsa take ji.

Ubanta mai gyaran agogo ne. A 'yar rumfarsa ta tashi, tana riƙe masa farantin ƙananan ƙusoshin nan da numfashi kaɗai ke iya watsarwa, kuma in ɗaya ta ɓace, ba mai cin abinci a gidan sai an gano ta. A nan ta koyi cewa abu ko daidai yake ko ba daidai yake ba, babu wani "kusan". Da wannan hali ta tafi gidan miji. Bawan Allah ya daure shekara tara, sannan ya ce shi mata ya aura, ba sufeto ba, ya kama gabansa. 'Yarta ɗaya tilo, ita ma da ta girma sai ta nemi aiki a gari mai nisa. Tana kiran waya ƙarshen mako, a gaisa a kashe.

Abin da ya rage wa Sikeli shi ne teburinta na jikin taga. In an kawo jini a 'yar kwalba, sai ta sa shi a injin da ke juya shi har jan ya kwanta ƙasa, ruwan ya taso sama. Kafin ta kai shi ko'ina sai ta ɗaga kwalbar saitin hasken taga, ta ƙanƙance ido. In ruwan garau yake, an wuce wajen. In ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, mai jinin ya shiga uku, don sai ta taso da kanta har layin masu jira.

"Kai ne ka ce ba ka ci komai ba tun jiya?"

"Ni ne, Malama."

"To ga abin da ba ka ci ba nan yana yawo a kwalba. Je ka, gobe ka dawo da cikinka ba komai, ƙaryar ma ka baro ta a gida."

Nas-nas na tsoron kawo mata kwalbar da rubutunta ya goge. Masu shara na kewaye teburinta. Ba wanda ke son ta, gaskiya ke nan, kuma ita ma ba ta nemi a so ta ba. Abu ɗaya take taƙama da shi: tunda ta fara aiki, ba likitan da ya taɓa dawo da takardar da ta sa wa hannu ya ce akwai kuskure.

Saura mata shekara biyu ta yi ritaya aka kawo sabon shugaban sashe, likita ne matashi, da takardun karatu fal bango. Ranar da ya fara shigowa ƙamshinsa ya riga shi isowa, Sikeli ta ja tsaki ta buɗe taga, tun daga nan ya zama "Mai Turare" a bakinta. Shi kuma da ya ga tsohuwa na ɗaga kwalba saitin rana alhali ga sabon inji an kafa, sai ya tambaye ta, a gaban yaran ɗakin gwajin, ko duba take yi. Daga ranar ba sa ga maciji da juna. Bai ɓoye nufinsa ba: so yake ya ɗauke ta daga teburin, ya mai da ta tagar karɓar kwalabe, inda aikin bai wuce miƙo a karɓa ba. Dalili kawai yake nema, ita kuma ta ƙi ba shi.

Dalilin ya zo a jinin wani mai walda. Mutumin na fama da hawan jini, yana karɓar magani a asibitin, likitansa ya ce a duba masa kitsen jini. Daga cikin abin da ake aunawa akwai wanda ma'aikata ke kira kolestarol mai kyau. A yawancin mutane lambarsa tsakanin arba'in ne da sittin. In ta kai tamanin, a kan ɗaga gira. Na mai walda ya fito ɗari da sittin da huɗu.

Sikeli ta kalli lambar, ta kalli kwalbar. Ruwan garau yake. Ta sake gwadawa, ta buɗe sabon sinadari ta kuma gwadawa, lambar ta ƙi motsi. Ta rubuta abin da ta gani, ta sa hannu.

Bayan awa ɗaya sai ga Mai Turare da takardar a hannu, fuskar nan kamar wanda aka yi wa albishir.

"Malama, wannan mene ne?"

"Sakamako ne, Likita. Ko ba a koya muku karanta shi ba?"

"Ba ɗan Adam da ke da wannan lamba. Ko kin haɗa kwalabe, ko hannunki ya fara rawa. Tsufa ba laifi ba ne, amma a nan wurin yana iya kashe mutum."

"Sau uku na gwada."

"Kin maimaita kuskure sau uku ke nan."

Ya zaro jan biro, ya ja layi a kan sa-hannunta, a hankali, yadda kowa zai gani. Ya ce a taron ƙarshen wata zai gabatar da takardar gaban manyan asibiti, daga nan ta koma taga. Tun rasuwar ubanta Sikeli ba ta taɓa jin ƙwalla ta taso mata kamar ranar ba. Ta haɗiye abinta, ta wanke hannu, ta ci gaba da aiki.

Kwana goma sha takwas ne tsakaninta da taron. Ta zaro tsofaffin littattafan kwas ɗin da ta taɓa zuwa, ta sa tabarau, tana karatu tana tsine wa masu ƙananan rubutu. A rana ta huɗu ta ci karo da abin da take nema, rabin shafi ne kacal.

Ga yadda abin yake. Kitse ba ya narkewa a ruwa, jini kuwa ruwa ne, don haka jiki ke ɗaure kitsen ƙunshi-ƙunshi, ya naɗe shi da furotin, sannan ya sake shi cikin jini. Wasu ƙunshin daga hanta suke fitowa suna rarraba kaya, kuma su ne ke zubar da saura a hanyoyin jini har su toshe. Wasu kuma bi suke suna kwashe abin da aka zubar, su mayar wa hanta. Kayan da ke cikin waɗannan masu kwashewa shi ake kira mai kyau. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai wani furotin da aikinsa dako ne: ya ɗebi kolestarol daga masu kwashewa ya ɗora wa masu rarrabawa, ya musanyo da wani kitsen daban. Akwai mutane ƙalilan da aka haifa ba su da wannan ɗan dako. Su masu kwashewarsu ba mai rage musu kaya, sai su kumbura, lambar ta ninka biyu ko uku. Gado ne, yana bin jini.

A ƙasan shafin akwai layi biyu da ke cewa girman lambar a irin waɗannan mutane ba tabbacin kariya ba ne, don kayan na iya taruwa ne kawai ba tare da sun isa hanta ba. Sikeli ta karanta layukan. Ba su da amfani a faɗan da ke gabanta, sai ta wuce su, ta ninke kunnen shafin a kan kalmar "gado". In gado ne, dangin mutumin za su nuna. Jininsu take buƙata.

Ta nemo adireshin a katinsa, ta kama hanya da sassafe da 'yar jakar allurai. Shagon na bakin titi, ƙofofin ƙarfe jingine da bango, wayoyi a kwance ko'ina, gidan kuma a bayansa yake. Mai walda ƙato ne, mai ƙaton murya, baƙin tabarau a goshi. Da ya ji abin da ya kawo ta sai ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa ya haɗe rai.

"Jini kuma? Kwalba biyu kuka ɗiba, har yau ban ga takarda ba. Sayarwa kuke yi ne?"

"Wa zai sayi jininka? Gwaji zan sake."

"Kun ɓata na farko ke nan."

"Ni ba na ɓata aiki."

"To je ki nemi wanda ya ɓata, ki ɗebi nasa."

Matarsa ta leƙo daga ƙofar gida, siririya, mai kaifin ido, ta tsaya riƙe da ƙugu. Da ta ji har da na 'ya'yansu mata biyu ake so, da na yayar maigidan da ke zaune tare da su, sai ta ce, "Baiwar Allah, lafiya lau muka kwana. Ki faɗa mana abin da kuka gani, ko ki bar mana gida."

Sikeli ta ga abin na neman kuɓuce mata. Tsawa ba za ta yi aiki a nan ba, don wannan ba layin asibiti ba ne. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba tunda aka haife ta: ta yabi mutum.

"Malam, shekara talatin da ɗaya ina kallon jinin mutane, ban taɓa ganin irin naka ba. Ka ga motocin kwashe shara? Kowa na da su a jininsa, su ke kwashe kitsen da ke toshe hanya. Sai dai a jikin kowa akwai wani ɗan dako da ke sauke musu kaya ya mayar kan titi. Kai naka jinin ba shi da wannan munafukin. Motocinka cike suke maƙil. Mutane na da hamsin, kai kana da ɗari da sittin da huɗu."

Fuskar mai walda ta fara sakewa. "Ɗari da nawa?"

"Da sittin da huɗu. Likitan da ya aiko ka ma bai kai rabinka ba. Shugabanmu cewa ya yi ba ɗan Adam da ke da irin wannan."

"Kin ji ko?" Ya juya ga matarsa yana buga ƙirji. "Kullum kina cewa na cika cin maiƙo. Yaya! Fito a ga jinin gidanmu!"

Ya naɗe hannun riga da kansa. Aka fito da benci, yayar ta zauna tana mita, 'yan matan na rufe ido. Matar ce ta ƙarshe, ta miƙa hannu tana harara. Sikeli na sunkuye tana rubuta suna a jikin kwalba ta biyar, mai walda ya ce, "To Malama, wannan ƙwayar da suke ba ni kullum fa, mai sa ni fitsari kamar famfo? Mai irin jinina na buƙatarta kuwa?"

Ta ji tambayar, ba za ta ce ba ta ji ba. Ta san hawan jini daban, kitsen jini daban, kuma ta tuna layuka biyun nan na ƙasan shafi. Amma bayani zai ja lokaci, zai kuma dusashe farin cikin da ya buɗe mata hannaye biyar, ga rana na ɗagawa, jinin na buƙatar sanyi. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wannan ba sashena ba ne. Ni dai na faɗa maka abin da na gani, jininka ya fi na kowa." Ta rufe jaka ta tafi.

Sakamakon ya fito yadda take so. Na mai walda bai sauka ba. Yayarsa ɗari da hamsin da ɗaya. 'Ya'yan, da suka gaji rabi, ɗaya tamanin da tara, ɗaya casa'in da uku. Matar, da ba jininsu ba, arba'in da takwas. Ba hannun da ke rawa da zai iya tsara kuskure haka.

Ranar taro ta shiga da takardun biyar da littafinta. Ta bari Mai Turare ya gama jawabinsa kan tsufa da zamani, sannan ta tashi ta jera takardun gaban manya, ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe shafin, ta ce wa Mai Turare ya karanta da ƙarfi tunda idonsa bai tsufa ba. Ya karanta. Kunnuwansa suka yi ja. Babban likitan asibitin ya ce a sake buga takardar farko, Malama ta sa hannu, shugaban sashe ya sa nasa a ƙasan nata, maganar taga kuma a bar ta.

Da za su fita, Mai Turare ya tsayar da ita a baranda, muryarsa a daƙile.

"Na karanta har ƙasan shafin. Lambar nan ba ta nufin mutumin lafiyarsa ƙalau. Me kika faɗa masa da kika je?"

"Abin da ya dace."

"An sanar da likitansa? Mai hawan jini ne fa."

"Yau ka fara damuwa da shi? Kwanakin baya cewa ka yi ba shi a duniya. Je ka wanke jan bironka, Likita."

Ta wuce shi tana jin kanta sakayau. A ganinta haushin kaye ne ke cin sa. Shi ma da ya ji zafin maganar sai ya ce ai ba ruwansa, ya shige ofis ya rufo ƙofa. Kowannensu ya bar wa ɗan'uwansa, ba wanda ya ɗaga waya.

Mako bakwai ta yi tana cin sarautarta. Yaran ɗakin suka koma gaishe ta da rusunawa, Mai Turare ya daina bi ta gefen taga. Wata safiya aka kawo kwalba daga sashen gaggawa, ta ɗaga ta saitin haske, sannan idonta ya sauka kan sunan. Kafin ta ajiye, ta ji ana buga tagar karɓar kwalabe da tafin hannu.

"Ina tsohuwar nan? Ina mai jakar allurai?"

Matar mai walda ce, ɗankwali a karkace, idanu sun kaɗa. Sikeli ta fito, layin masu jira duk suka juyo.

"Ki rage murya, nan asibiti ne."

"Ba zan rage ba! A gidana kin rage taki? Tun ranar da kika fita ya watsa ƙwayoyinsa a kwata. Na yi magana, ya ce ke kin fi ni sani. Yayarsa ta yi magana, ya ce ita ma ta daina shan nata. Duk wanda ya zo shago sai ya ji labarin ɗari da sittin da huɗu. Jiya yana tsugune yana haɗa ƙofa, ya kife a kan ƙarfe."

"Ni ban ce ya daina shan magani ba."

"Kin ce ya sha? A gabana ya tambaye ki. Kin ce ya sha?"

Shekara talatin da ɗaya Sikeli ba ta taɓa rasa amsa a wannan baranda ba. Ta nemi abin faɗa, sai ta ji kanta na cewa, "Lambar daidai take."

Matar ta kalle ta daga sama har ƙasa. "Daidai take. To taho ki gan shi da lambarsa."

Ta bi ta. Ba ta san me ya sa ba, ƙafafunta ne kawai suka bi. Suka hau bene zuwa ɗakin maza, gado na shida. Ƙaton nan ya koma kamar an sace rabinsa. Bakinsa ya karkace, hannun dama, wanda yake riƙe ƙarfen walda da shi, na kwance a kan zanin gado tafin na kallon sama. Likitoci sun ce shanyewar ɓarin jiki ce, jijiya ta fashe a kai saboda jinin ya hau ba abin da ke tare shi. Yayar na zaune a gefe, da ta ga Sikeli sai ta kau da kai ta tofar da yawu a tsumma.

Sikeli ta tsaya a ƙarshen gadon. Ta shirya wa zagi, da ma zagin zai yi da ta san yadda za ta karɓe shi. Mai walda ya juyo da ido, ya gane ta. Rabin fuskarsa mai rai ya saki murmushi. Ya yi ƙoƙarin magana, ba abin da ya fito sai gurnani. Sannan a hankali ya ɗaga hannun hagu, ya juya shi, ya miƙo mata gwiwar hannun, wurin da ake soka allura, yana gyaɗa kai don ta zo ta ɗiba ta kai wa shugabanta ya gani.

Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa sani ba, har sai da ta dafa ƙarfen gado. Matar ta sa hannu ta kama hannun mijinta, ta mayar da shi ƙarƙashin bargo, ta danne.

"Rufe hannunka, Baban yara," ta ce, idonta na kan Sikeli. "Shi kaɗai ya rage mana."